Barikin Caterham: daffon dogaran fadar Ingila da ya koma unguwa

Nasiru Direba:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ranar Asabar na ga abin da ya ɗaure mini kai, na ce bari in kawo wa masana. Yarona Abba ya bi ya ishe ni da maganar wani wurin wasan katako mai taya da abokansa ke zuwa a garin Caterham, kudu da Landan. Sunan wurin Skaterham. Na ɗauke shi muka tafi, ni a zatona wani tsohon sito zan tarar. Ashe coci ce. Tsohuwar coci ta bulo mai dogayen tagogi, rufinta can sama sai ka ɗaga kai, amma cikinta an kafa gangarori na katako, yara da hular kwano sai shawagi suke. Da na fito shan iska sai na lura unguwar ma kanta ba irin wadda na saba kai kaya ba ce. Gine-ginen dogaye ne a jere kamar an ja su da igiya, tagogi iri ɗaya, ga ƙaton koren fili, ga kantin Tesco a gefe. Sunayen titunan kuma su Guards Avenue, su Coldstream Road. Wani dattijon Bature da ke yawo da karensa ya ga ina ta kalle-kalle, ya ce mini nan barikin soja ne a da, kuma a nan aka yi masa horon kurtu yana ɗan shekara 18. Ya nuna mini wata taga a bene ya ce kusa da ita gadonsa yake. Yanzu labule ne mai furanni a tagar, da keken yaro a ƙofar gidan. Wa ya san tarihin wurin nan?

Ɗanliti:
Wa alaikumus salam Yaya Nasiru. Ba nan ne Sandhurst ɗin da ake faɗi ba?

Malam Habibu:
A'a Ɗanliti, hanyar jirgi daban ta mota daban. Sandhurst makarantar hafsoshi ce, kuma tana nan tana aiki. Caterham daffo ce, inda ake karɓar farar hula a mai da shi sojan ƙasa, kurtu zalla. An gina ta a 1877 domin rundunonin da ke gadin fadar masarautar Ingila, waɗannan masu jar riga da doguwar baƙar hular gashin nan da kuke gani a hoto a ƙofar fadar Buckingham. Mu ce dogaran fada, sai dai su sojojin yaƙi ne na sosai, gadin fadar wani ɓangare ne kawai na aikinsu. Lokacin da aka buɗe barikin runduna uku ne: Grenadier, Coldstream da ta 'yan Sikotlan. A 1900 aka ƙara ta 'yan Ailan, a 1915 aka ƙara ta 'yan Wales. Duk kurtun da zai shiga ɗaya daga cikinsu, ta Caterham yake bi, har zuwa 1960 da aka mai da daffon zuwa wani gari mai suna Pirbright. Dattijon da ka gani, Nasiru, in ya ce yana ɗan 18, to da alama cikin samarin da aka riƙa kira aikin soja na dole bayan Yaƙin Duniya na Biyu yake. Daga 1949 aka fara wannan tsarin, da farko wata 18, da yaƙin Koriya ya taso a 1950 aka mai da shi shekara biyu, aka daina kiran sababbi a ƙarshen 1960.

Ɗanliti:
To ni duk jar rigar iri ɗaya nake ganin ta. Ta yaya ake gane wane ne wane?

Malam Habibu:
Ka dubi maɓallan rigar. Grenadier ɗai-ɗai suke jera su, Coldstream bibbiyu, 'yan Sikotlan uku-uku, 'yan Ailan huɗu-huɗu, 'yan Wales biyar-biyar. Kurtun da bai san wannan ba a makonsa na farko, ya shiga uku.

Baba Samanja:
Salamu alaikum. Nasiru ɗana, ka tsokano mini inda ke mini ƙaiƙayi. Ban taɓa taka Ingila ba, amma shekara 31 na yi cikin kaki, kuma takwas daga ciki a daffo na yi su ina horar da kurata. Daffo duk inda take a duniya ɗabi'arta ɗaya. Kafin in faɗi nawa, Malam ya ci gaba, ina so in ji me ya sa aka gina ta a wannan shekarar.

Malam Habibu:
Ranka ya daɗe Baba. Abu biyu ne suka haɗu. Na farko yaƙin Kirimiya, 1853 zuwa 1856, wanda ya tona asirin sojan Birtaniya. Na biyu kuma yadda Jamusawa suka murƙushe Faransa a 1870 cikin 'yan watanni, da runduna mai tsari da ɗimbin sojan ko-ta-kwana. Hankalin Ingila ya tashi. Ministan yaƙi na lokacin, Edward Cardwell, wanda ya riƙe muƙamin daga 1868 zuwa 1874, shi ya yi wa rundunar garambawul. Ya rage wa'adin aikin kurtu, ya zama shekara 12 ne amma ana iya yin shida cikin kaki, shida a gida ana jiran kira. Ya hana sayen muƙamin hafsa da kuɗi a 1871. Sannan ya raba ƙasar gunduma-gunduma, kowace runduna ta sami daffonta ta dindindin: bataliya ɗaya tana ƙasar waje, ɗaya tana gida, daffo kuma tana shayar da su da sababbin kurata. Ka ga in mutum shekara shida kawai zai yi maimakon kusan rayuwarsa duka, dole a riƙa yaye kurata da yawa kowace shekara, dole a sami wurin da aikinsa ke nan. A shekarun 1870 aka gina barikoki masu yawa a garuruwan Ingila saboda wannan. Su dogaran fada ba su da gunduma tasu kamar sauran, shi ya sa aka nema musu wuri a bayan Landan, kan tudu, nesa da mashaya da hayaniyar birni amma kusa da jirgin ƙasa.

Zulai:
Malam dakata, sayen muƙami fa ka ce? Da kuɗi a fili?

Malam Habibu:
A fili, da farashi a rubuce. Ƙaramin muƙamin hafsa a rundunar sojan ƙasa fam 450 ne, a rundunar dogaran fada kuwa fam 1,200. Kurtu kuma sule ɗaya ake ba shi a yini, a cikin sulen ma ana cire kuɗin abinci da wanki. Sule 20 ne fam ɗaya. Ki lissafa, fam 450 sule 9,000 ke nan, albashin kurtu na kusan shekara 25 in bai taɓa kashe ko anini ba. Kuma ƙarƙashin tebur ana biyan fiye da haka.

Hajiya Binta:
Malam Habibu ka wuce maganar Kirimiya da sauri, alhali a ganina ita ce ke bayyana tagogin da Nasiru ya gani. Bari ni ma'aikaciyar jinya in sa baki, don wannan a makarantarmu aka karanta mana shi. A yaƙin nan, yawancin sojojin Birtaniya da suka mutu ba harsashi ya kashe su ba. Kwalara ce da atuni da zazzaɓi. Da Florence Nightingale, ma'aikaciyar jinyar da ta kula da sojoji a yaƙin, ta dawo gida sai ta matsa aka kafa hukumar bincike a 1857, Sidney Herbert yana shugabanta. Abin da ya fi girgiza mutane ba na fagen fama ba ne, na barikokin cikin Ingila ne lokacin zaman lafiya. Cikin kowane maza dubu farar hula masu shekarun aikin soja, kimanin tara ke mutuwa a shekara. Cikin dogaran fada kuwa, kusan ashirin. Ku tuna fa, waɗannan zaɓaɓɓu ne, likita ya duba su, dogaye ƙarfafa, amma bariki na cinye su ninki biyu. Tarin fuka ne kan gaba.

Dalilin kuwa a ɗakin kwana yake. Maza da yawa a ɗaki guda, a nan ake ci a nan ake kwana, taga a rufe saboda sanyi. Da dare a ajiye baho na katako a ɗakin don fitsari, da safe a zubar, a wasu wuraren a cikinsa za a zuba ruwan wanke fuska. Sojan da aka yarje wa aure kuma, matarsa da 'ya'yansa a kusurwar ɗakin suke, bargo aka rataya ya raba su da sauran maza. Bayan binciken ne aka ce kowane soja sai an ba shi sararin iska na ƙafa 600, wato kamar ɗaki mai tsawon ƙafa goma, faɗin ƙafa goma, tsayin ƙafa shida, shi kaɗai. Aka ce a yi tagogi masu kallon juna don iska ta ratsa, a raba ban ɗaki da wurin kwana, a raba kicin, a yi wa masu iyali gidajensu. Caterham tana cikin barikokin da aka gina da wannan sabon tunanin. Shi ya sa yau aka iya mai da ɗakunan gidajen zama mutane suka saya da tsada. Haske da iska suna nan tun asali.

Zulai:
Hajiya Allah ya saka. Mu da muke karatun zanen gini abin da ake nuna mana ke nan, tsarin ɗakin asibiti na Nightingale shi aka kwaso aka kai bariki. Cocin kuma da Yaya Nasiru ya shiga, William Butterfield ne ya zana ta a tsakiyar shekarun 1880, shi ne wanda ya zana kwalejin Keble a Oxford. Tana cikin gine-ginen da doka ta hana a rushe ko a sauya musu kama ba da izini ba.

Ɗanliti:
Ashe dai Turawan nan suna da tausayin sojansu.

Baba Samanja:
Ɗanliti, tausayi? Yaro man kaza. Mai doki yana share barga yana ba shi harawa mai kyau, ba don yana son dokin ya huta ba. Kurtu kuɗi ne. Ka ciyar da shi, ka tufatar da shi, ka horar da shi wata da watanni, sannan tari ya kashe shi bai harba ko harsashi ɗaya ba? Asara ce, kuma gwamnati ta fi jin zafin asara a kan kukan uwa. Iskar da suka ba shi ta gaskiya ce, ban musa wa Hajiya ba. Amma ka tambayi wanda ya kwana a ɗakin ko ya sami lokacin shaƙar ta.

Bari in ba ku nawa. Ranar da na shiga daffo ina ɗan 19, kafin azahar an aske mu ƙwal, an karɓe kayan gida an ɗaure, an miƙo mini but wanda ya fi ƙafata girma. Da dare kofur ɗinmu ya zauna bakin gado ya nuna mana yadda ake goge but: ɗan tsumma a yatsa, a taɓa baƙin mai, a tofa yawu kaɗan, a yi ta zagayawa ƙanana-ƙanana har sai ka ga haƙoranka a ƙafar. Awa uku na yi a kan ƙafa ɗaya. Da asuba ya zo dubawa, ya ɗaga takalmin ya juya shi, ya ga ƙura tsakanin ƙusoshin ƙasa, ya wurga shi ta taga. Ƙasan takalmi fa, inda ke taka ƙasa! Na yi tsallen kwaɗo daga ɗaki zuwa inda ya faɗi, na dawo da shi a baki. A ranar da na sami hanya da na gudu gida. Bayan shekara goma sha ina tsaye a kan wani yaro ina juya takalminsa.

Malam Habibu:
Baba, abin da ka faɗa kusan shi ne abin da tsofaffin kuratan Caterham suke bayarwa. A kowane ɗaki akwai wani tsohon soja da ke kwana tare da kurata, shi ba kofur ba, amma ba ka isa ka yi masa magana ba sai ka ƙame ka kira shi da laƙabinsa na horarren soja. Da yamma kuma akwai zaman goge-goge, kowa a kan gadonsa yana goge but da maɓallai, ana jefa musu tambayoyi kan tarihin rundunar: yaƙoƙin da ta yi, sunayen hafsoshinta. Wani marubuci, Stephen Graham, da ya yi kurtu a rundunar 'yan Sikotlan lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya yi wa wurin laƙabi da Ƙaramar Sparta, wato ya kwatanta shi da garin Girkawan nan na da da ake raba yaro da uwarsa a yi masa horon yaƙi. Kuma garin hawa biyu ne. Tashar jirgin ƙasa tana cikin kwari, barikin yana kan tudu. Sabon kurtu da akwatinsa sai ya hau wannan gangaren da ƙafa kafin ya ga ƙofa.

Nasiru Direba:
Wallahi na san hawan nan, ko mota sai ka sauko da giya. Dattijon ma ya ambace shi, ya ce ranar da ya hau ana ruwa.

Hajiya Binta:
Baba Samanja, da girmanka, ni fa wannan jefa takalmi ta taga ban ga abin da yake koya wa mutum ba ban da ƙiyayya. Mun karɓi samari a asibiti da aka lalata musu gwiwa da sunan horo. Wani ma ba gwiwar ba ce, kansa ne ya taɓu.

Baba Samanja:
Hajiya, gaskiyarki rabi. Akwai mugun kofur da ke huce haushin gidansa a kan yaran mutane, na gani, na kuma kai wasu gadurum da hannuna. Wannan zalunci ne, ba horo ba. Amma shi fareti da goge-goge ba wasa ba ne. Mutum talatin, kowa daga gidansu, wani ɗan gata wani maraya, kana so in an ce kwanta su kwanta kafin su yi tunani, domin wanda ya tsaya tunani shi harsashi ke samu. Taku ɗaya inci 30, ba ƙari ba ragi, samanja na biye da sandarsa mai buɗewa kamar almakashi yana aunawa. Wanda ya saba duba ƙasan takalminsa, zai duba cikin bindigarsa ba sai an ce masa ba. Kuma wani abu da ba a faɗi: in dukansu suka tsani kofur, to sun zama ɗaya. Ranar yaye su kuma shi suke fara nema su ɗauki hoto.

Hajiya Binta:
Waɗanda suka kai ranar yayen ke nan. Ni waɗanda ba su kai ba nake gani.

Baba Samanja:
Wannan kuma ba ni da amsarsa, Hajiya.

Ɗanliti:
Jama'a a sassauta. Ni dai da na ji Caterham motar tseren nan 'yar ƙarama na sani, mai kama da kwalbar turare.

Malam Habibu:
Garin ɗaya ne, daga nan kamfanin ya samo sunansa. Amma akwai maƙwabcin barikin da ya fi mota muhimmanci a labarin. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da wani ƙaton asibitin masu taɓin hankali da naƙasar ƙwaƙwalwa, wanda hukumar Landan ta buɗe a 1870, shekara bakwai kafin barikin, aka gina shi don mutum sama da 1,500. Daga baya aka sa masa suna St Lawrence. Wato kan tudun nan gidaje biyu ne manya masu katanga, kowanne da mutanen da aka kawo daga nesa aka rufe. Garin kan tudu a jikinsu ya girma: masu wanki, masu gasa burodi, masu shaguna, masu mashaya. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Bayan daffon ta koma Pirbright a 1960 ba a rufe barikin ba, an ci gaba da ajiye bataliyar dogaran fada a ciki, suna zuwa Landan aikin gadi. A lokacin ne abin baƙin ciki ya faru. Ranar 27 ga Agusta 1975, lokacin rikicin Ailan ta Arewa, 'yan ƙungiyar IRA suka dasa bam a mashayar Caterham Arms da sojojin barikin ke zuwa. Mutum 33 suka ji rauni, yawancinsu ma farar hula, wasu sojoji suka rasa gaɓoɓi. Ba a yi asarar rai ba. Kusan shekara guda kafin nan, a Oktoban 1974, an kai irin wannan hari a Guildford, duk a yankin Surrey, mutum biyar suka mutu.

Da yaƙin cacar baka ya ƙare, gwamnati ta fito da shirin rage sojoji a 1990, bataliyoyi suka ragu, barikoki suka yi yawa. A 1995 aka rufe Caterham. Asibitin ma a 'yan shekarun nan aka rufe shi. Ka ga garin ya rasa iyayen gidansa biyu kusan lokaci guda.

Nasiru Direba:
To daga nan ne aka sayar wa 'yan kasuwa ke nan.

Zulai:
E, amma yadda aka yi shi ne ya sa ake koyar da shi a ajinmu. Filin eka 57 ne. Kamfanin gine-gine na Linden Homes ya saya, a 1998 kuma aka kira mutanen garin taron kwanaki tare da masu zanen gini na kamfanin John Thompson, aka buɗe ƙofar barikin, mutum sama da dubu suka shigo. Wasu an haife su a garin sun tsufa ba su taɓa ganin bayan katangar ba. Aka tambaye su me suke so. Daga nan aka fitar da tsarin da ya bar tsofaffin gine-ginen aka gyara su, aka ƙara sababbin gidaje, jimilla sama da 300, ciki har da masu sauƙin haya, da kanti, da wuraren sana'a, da gidan kula da tsofaffi. Aka bar filin wasan kurket ya zama dandalin unguwa. Aka kuma kafa wata amintacciyar ƙungiya ta mutanen gari aka damƙa mata wasu gine-ginen don amfanin jama'a. Matasa ne suka ce ba su da wurin wasa, shi ne asalin abin da Abba ya je yi a cocin.

Alhaji Mudi:
Tun ɗazu ina karantawa ban ce komai ba, amma nan kam sai na yi magana. Ni ba Kirista ba ne, amma wurin ibada wurin ibada ne. Ɗakin da samari suka durƙusa suka yi addu'a kafin a kwashe su zuwa Faransa a 1914, da yawansu ba su dawo ba, yau shi ne yara ke tsalle-tsalle a ciki? A ce an adana tarihi? An dai adana bulo. Kuma Zulai 'yata, kar taron nan ya ruɗe ki. Ɗan kasuwa in ya tara mutane yana tambayar ra'ayinsu, ya riga ya san gida nawa yake son ginawa. Ya ba ku filin kurket, ku kuka ba shi izinin gidaje ɗari uku.

Zulai:
Baba Alhaji ban ce sadaka suka yi ba, riba suka nema kuma sun samu. Amma a duba ɗaya hanyar. Ginin da doka ta hana rushewa, in ba mai amfani da shi, rufinsa ke fara yoyo, tantabaru su shiga, ɓata-gari su fasa tagogi, bayan shekara ashirin a ce ya zama haɗari. Sojojin da ke cika cocin sun tafi, ba kuma za su dawo ba. Gangarorin katakon nan ana iya kwance su a fitar, ginin yana nan yadda yake. Asibitin da ke maƙwabtaka fa? Kusan duka aka rushe shi aka yi gidaje. Yau wa zai tsaya a wurin ya tambayi su wa suka zauna a ciki? Shi kuwa barikin, ga Yaya Nasiru ya je kai yaro wasa ya dawo mana da tambaya.

Alhaji Mudi:
Ya dawo da tambaya don Allah ya haɗa shi da tsoho mai kare. Tsohon nan in ya mutu fa? Sunan titi ba ya ba da labari. Da sun ware ko ɗaki ɗaya, a bar shi da gadajen ƙarfe da akwatunan kurata yadda suke, yaro ya shiga ya gani da idonsa.

Malam Habibu:
Alhaji, a nan ina tare da kai kan ɗakin, ina tare da Zulai kan cocin. Sai dai a sani, su rundunonin ba su ɗauki tarihinsu a matsayin abin da ke manne da Caterham ba. Suna da gidan tarihinsu da babbar cocinsu a barikin Wellington da ke Landan kusa da fada. Runduna tana ɗaukar tutocinta da azurfarta da sunayen matattunta ta tafi da su duk inda aka mai da ita. Pirbright ɗin ma da ta gaji Caterham ta daina zama daffonsu a 1993, yanzu a Catterick can arewacin Ingila ake horar da kuratansu tare da sauran sojan ƙasa. Abin da ba ya tafiya da su shi ne labarin mai wankin da mai burodin.

Baba Samanja:
Alhaji Mudi ɗan'uwana, na ji zafin da ka ji, amma bari in faɗa maka yadda soja ke ganin abin. Ɗakin da aka bar shi da gado a shimfiɗe ba kowa, wannan ba daffo ba ce. Daffo hayaniya ce: begila da asuba, ihun saje, ƙarar but ɗari a kan kwalta lokaci guda, warin man goge takalmi da zufa. Ranar da wannan ya tsaya, daffo ta mutu, ko an bar gadajen ko an kwashe. Ni in aka ce in zaɓa tsakanin ɗakin ibadar da aka kulle da kwaɗo da wanda samari ke faɗuwa suna tashi a ciki, na san wanda ya fi kama da wurin da na sani. Shekarunsu ma kusan ɗaya da waɗancan. Bambancin, waɗannan da yamma uwarsu na jiran su.

Alhaji Mudi:
Samanja ka iya magana, amma ban sauka ba. A yi wasan a wani wuri.

Hajiya Binta:
Nasiru, in ka koma don Allah ka duba mini abu ɗaya. Ka tsaya a gefen ɗaya daga cikin dogayen gine-ginen ka gani ko tagogin gaba suna daidai da na baya, yadda za ka hango haske ta ciki. Ina so in san ko gyaran da aka yi ya toshe hanyar iskar.

Baba Samanja:
Ni kuma in ka sake haɗuwa da tsohon, ka tambaye shi maɓallan rigarsa nawa-nawa ne. Kuma ka ce wani samanja yana tambaya ko har yanzu yana duba ƙasan takalminsa.

Nasiru Direba:
In sha Allahu Asabar mai zuwa, don Abba ya riga ya sa ni alkawari, ko da yake ya dawo da gwiwa a ɗaye. Hajiya, ta waje kawai zan iya dubawa, gidajen mutane ne yanzu, kar a kira mini 'yan sanda. Baba, tsohon kuwa na lura da takalminsa tun ranar, baƙi ne yana ƙyalli kamar madubi, a cikin wannan taɓon, shi da zai zagaya da kare kawai.